Mai Manhajar Shagunan Magani

Ka ce a taronku na masu rubuta manhaja za ka hana duk mai sayar da tasa riƙe lasifika. Kafin ka yanke, bari in ba ka misali.

A wani gari akwai irin wannan taro, ana haɗuwa ranar Asabar ta farkon wata a zauren wata makaranta. A cikinsu akwai wata mata, uwar 'ya'ya uku, wadda ta gina manhajar da ke gaya wa masu shagon magani wane magani ne ya kusa lalacewa. Wannan sayarwa take yi, kuma ba ta nuna wa kowa yadda ta rubuta ta. Amma 'yan taron suna da wata manhaja ta kyauta, a buɗe ga kowa, wadda ke aika wa manoma farashin hatsi na kasuwanni ta waya, kuma matar nan ce ke gyara ta duk sanda ta sami matsala. Wata rana shugaban taron, mutum mai gaskiya amma mai tsauri, ya kafa doka: wanda ya rufe aikinsa, ya rufe bakinsa. Matar ta ce masa, "Yallaɓai, ta shagunan magani ita ce tuwon gidana, ta manoma kuwa sadakata ce." Ya ce ilimi ba a kulle shi. Don kunyar idon jama'a, ta buɗe manhajar maganin ga kowa.

Wata biyu ba su cika ba, wasu suka kwafe ta, suka canza mata suna da launi, suka bi shaguna suna sayarwa da araha. Masu shaguna suka juya mata baya. Ta nemi aiki a wani kamfani a Legas, ta kwashe 'ya'yanta ta tafi, kuma can ko Asabar ba hutu. Da kaka ta zo, manhajar manoma ta tsaya. 'Yan taron suka yi mako uku suna lalube a cikinta. Kafin su gano bakin zaren, manoma da yawa sun sayar wa dillalai masararsu a wulaƙance, don ba su san yadda kasuwa take ba. Shugaban ya soke dokarsa, ya raba zaman biyu, safe na masu buɗewa, yamma na masu sayarwa. Ya kira matar ya ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ta riga ta sa yara a makaranta a can.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.