Taɓaryar Maman Nkechi

Ranar da ake surfen geron sunan ƙanwata a gidanmu na Daura, Maman Nkechi, matar mai sayar da kayan babur a bakin layinmu, ta shigo taya aiki. Ta ɗauki taɓarya ta tsaya turmi ɗaya da Inna, yayar babarmu.

Mu a lugude kowa ya san inda ake saukar da taɓarya, da inda ake cilla ta sama a tafa. Ita kuwa sai ta sauko a tsakiyar tafin. Taɓare suka gwaru, gero ya watse. Na tuntsire da dariya na ce, "Ba ta iya ba!" Ta sunkuyar da kai za ta ajiye.

Inna ta harare ni. "Ke, rufe mana baki. Kiɗan garinsu take ji." Ta juya ta ce, "Maman Nkechi, daka ke kaɗai in ji." Ta saurara tana gyaɗa kai, sannan ta jefa tata taɓaryar a gurbin da matar ke bari. Tare suka gama turmin.

Bara a wani biki a Inugu na tafa inda ba a tafawa, yara suka yi mini dariya. Na waiga ina neman Inna, ita kuwa ta daɗe a ƙasa.