Motar da Ta Yi Shiru

Mani ya zare wayar na'urar gwaji daga ƙarƙashin sitiyari, ya sake duban allonta. Wayam. Ko laifi ɗaya babu. Marsandi ce baƙa, ta kwana biyu a duniya, amma lafiyarta lau kamar jiya aka sauko da ita daga jirgi.

Mai ita, Alhaji Gide na Faskari, yana zaune bisa benci a bakin garejin, ya zuba wa ƙasa ido.

"Alhaji, wallahi ba abin da ke damun motar nan."

"Akwai," in ji dattijon. "Ba haka take ba."

Ɗanshi Adnan ne ya zo hutun sallah daga Abuja, ya saci jiki ya kai ta Kaduna, aka yi mata gyara na gani na faɗa. Ya dawo da ita yana ta washe baki. Alhaji ya zagaya gari da ita sau ɗaya, ya rataye makulli. Daga ranar ya bar zuwa gonarshi ta Daudawa, ya bar cin kasuwar Sabuwa, ya koma zaman katon gidan da yara duk suka watse suka bar mashi. Yau ma da ƙyar ya kawo ta Kankara, kuma tun da ya sauko ya faɗi magana ɗaya: in ba ta koma yadda take ba, tamfol zai lulluɓa mata, shi da fita kuma sai wadda ba makawa.

Maganar ta tsaya wa Mani a rai, don ya san zaman kaɗaici. Tunda hanya ta lalace, masu manyan motoci suka kwashe suka yi birni, shi da ya ƙare ƙuruciyarshi cikin injin Marsandi da BMW ya koma wuni yana korar ƙuda. Iyalinshi ma suna Funtua. Ba ya son dattijon nan ya koma ya rufe ƙofa.

Ya bi fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ya shinshina man giya. Ya danna kowane gefe ya ji shokozoba, ya kwanta ƙasa ya ƙwanƙwasa salansa. Komai tsaf.

"To wai mi take yi maka, Alhaji?"

"Shiru ta yi."

Ikon Allah! Kowa ƙara ke kawo shi gareji, wannan shiru ya kawo shi.

Suka fita gwaji. Mani ya kai hannu ƙofar gaba, Alhaji ya ce mashi, "Shiga baya." Haka ya hakimce a baya da kayan baƙin mai, Alhaji guda yana tuƙa shi, 'yan acaba na ɗaga mashi hannu suna "ranka ya daɗe". Dattijon ya ɗaura bel ɗinshi, ya tafi a hankali, kanshi a karkace dama kamar mai jiran a kira shi. Suka kai bayan gari suka juyo.

Da suka dawo ne Mani ya buɗe but, ya ci karo da kwali. Tsofaffin kayan da aka cire a Kaduna ne, an tattaro su yadda makanikai suka saba, don mai mota ya ga shaidar an canza. Ya daɗe tsaye a kan kwalin. Abin kunya ne bakanike ya cire sabo ya maida tsoho, amma dabara ta ƙare mashi.

Ya maida tsohuwar filtar iska, suka zagaya. Alhaji ya girgiza kai. Ya maida tsohon fanbel, injin ya ɗauki tsuwa kamar ɗan tsako. Mani ya ce yauwa, an zo wurin. Alhaji ya sake girgiza kai, wannan karon ko kallon shi bai yi ba.

Bayan la'asar abu ɗaya ya rage a kwalin: wata 'yar shimfiɗa siririya mai waya, duk ta tsattsage. Mani ya san ta sarai. Cikin katifar kujerar gaba take zama, ta fasinja da ke kusa da direba. Ita ke gaya wa mota an zauna, motar kuma ta dami mutum har sai ya ɗaura bel. In ta tsufa sai ta fara ƙarya, ciwon Marsandi ne da kowa ya sani. Saura kaɗan ya wurga ta bola. Sai ya hangi Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga, irin miƙewar wanda ya haƙura.

"Alhaji, ɗan ƙara mani haƙuri."

Ya kwance kujerar, ya zare sabuwar, ya shimfiɗa tsohuwar, ya ɗaure. Ya koma mazauninshi na baya ba tare da wani fata ba.

Tayoyi na fara gudu bisa kwalta, jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Ƙil, ƙil, ƙil, ƙararrawa ta cika motar, ba ƙaƙƙautawa. Kunya ta rufe Mani.

"Afuwa, Alhaji, matacciya ce. Gani take akwai mutum a kujerar. Tsaya in cire ta."

Alhaji bai tsaya ba. Ƙara mai ma ya yi. Ta madubi Mani ya ga hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunshi, ga kuma murmushi, na farko tun safe.

"Bar ta, Malam Mani," ya ce. "Haka take yi wa mai ɗakina Hajiya kullum, ba ta son ɗaura bel. Ran da muka kai ta makwancinta na shigo ni kaɗai, sai motar ta ci gaba da yi mata faɗa."