Fuskar da Ke Ƙarƙashin Bencin Coci

"Kaka, ka tabbata tsohuwa ce?" in ji jikata Nesta.

Ta riga ta watsa a jarida labarin fuskar da aka sassaƙa a ƙarƙashin bencin tsohon cocinmu, nan Wales. Edita ya ce in ƙarya ce, ya daina karɓar rubutunta.

Masanin tarihi ya zo, ya durƙusa, ya haska tocila.

"Aljana ce! Ta shekara ɗari bakwai. Ku dubi hancin nan!"

Nesta ta daka tsalle. Matata Eirlys ta leƙa, ta ce, "Kai, Allah ya yi muni a nan!"

Fuskar Eirlys ce. Ni na sassaƙa ina saurayi, ana tsakiyar wa'azi.