Shawarar da Baba Ya Yanke a Sharada

"Sake karanta min tambayar, 'yata," in ji tsohon maigadin rufaffiyar masaƙar nan ta Sharada, abokin marigayi Baba.

Gwajin tambayoyin bincikena na digiri na uku nake yi, na kuwa riga na rubuta hasashena: talakan ma'aikaci ya fi mai muƙami yarda da zancen makirci. A gidanmu na samo wannan hasashe. Shekara ashirin Baba yana kan injin saƙa a nan, da aka sallame su sai ya dage cewa wasu manya ne suka haɗa baki suka kashe masaƙun Kano. Na yi ta kawo masa alƙaluma har na gaji da musu, na rage zuwa gidansa a Panshekara. Bara ya rasu.

"Kun yarda da gangan aka shirya rufe masana'antun nan?"

"Rubuta eh. A kan bencin nan ni da mahaifinki muka yanke shawarar yarda."

"Shawara, Malam?"

"Cewa ya yi, in makirci ne, ashe manya sun zauna sun yi tunaninmu. In ba makirci ba ne, mantawa kawai aka yi da mu."

Takardata ba ta da gurbin wannan amsa. Na ninke ta, na matsa kusa da shi.

"Yana ambatona kuwa?"

"Duk ranar Juma'a in ya zo nan hira. Sai ya karkaɗe hularsa ya ce bari ya koma gida da wuri, wataƙila yau malamar za ta zo ta ƙaryata shi."