Hular Kwanon Baba

Ina da shekara takwas Baba ya kai ni kallon wasansu a birnin Lyon, ƙwallon Amurka da ake sa hular kwano. Aikinsa ya tare mai ƙwallo ya kayar. Da la'asar suka yi karo kai da kai da wani ƙato, Baba ya daɗe kwance. Da ya tashi na ruga wurinsa. Hular da ya tuɓe tana warin gumi da roba.

Ya yi mini murmushi ya ce, "Yarinya, ina babanki? Kada ki ɓata."

Kafin magariba ya gane ni. Amma har yau, in ya tsura mini ido, sai in yi maza in ce, "Baba, ni ce, ɗiyarka."