Mutum Huɗu a Ƙarƙashin Makara

Ilu, tunda ka ce gobe za ka ninka wa 'yan hayarka kuɗin ɗaki don su tashi ka zuba masu yawon buɗe ido, ajiye wayar nan ka saurare ni. Ni gwaggonka ce, ba ni da ko bulo ɗaya a gidan, bakina kawai nake da shi.

An yi wani magidanci a wani gari da ke gindin dutse, inda ruwa ke zubowa daga sama fari fat. Tun kaka da kakanni ruwan yana nan, mata na wanki a gefensa, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Sai aka shimfiɗa kwalta har bakin garin, motoci suka fara sauke baƙi masu tabarau, sun biyo doguwar hanya don kallon abin da awaki ke sha kullum. Mutumin yana da gidan gado mai ɗaki tara. Shi da iyalinsa da mahaifiyarsa suna cikin uku, sauran kuwa 'yan haya ne: tela, mahauci, malamin firamare da ire-irensu, sai wata tsohuwa mai ƙosai. Tsohuwar nan ita ke wankan gawar mata a unguwar, kuma sun fi shekara ashirin suna raba goro ɗaya da mahaifiyarsa. Har likkafanin da uwar ta sayo a Makka, ta jiƙa shi da zamzam, a hannun tsohuwar ta ba da ajiya. Ta sha gaya wa ɗanta, tana lafiya lau: "Ran da na mutu ita za ta wanke ni, ita za ta suturta ni. Ban yarda wata ta ga jikina ba." Shi kuma ya ce to, Inna.

Da ya ji abin da baƙo ke biya a kwana uku ya fi abin da tela ke biya a wata, sai idonsa ya rufe. Bai kori kowa ba, wai shi mai kunya. Kuɗin ɗaki kawai ya ninka, bayan wata shida ya sake ninkawa. Tela ya ɗora kekensa a amalanke, mahauci ya bi bayansa. Maƙwabta da suka ga fenti da fanka a gidansa, su ma suka yi yadda ya yi, har aka wayi gari masallacin unguwar ba ya cika sahu ɗaya. Tsohuwar ce ta ƙarshe. Ta roƙe shi ya bar mata ko ɗakin awaki ne, ya ce ba shi ba ne, zamani ne. Ta ɗaure kaskonta da kayanta ta ƙetare kogi, ta koma wani ƙauye inda ɗan ƙanenta ya ba ta bukka. Daga ranar uwar ta rage magana, goronta ma sai ya bushe a gefen zane.

Cikin watan Agusta, ruwa ya cika, baƙi sun cika gidan, uwar ta cika da sassafe. Aka buga wa tsohuwar waya, ta ɗauko ƙullinta ta zo bakin kogi, ta tarar ya yi ambaliya, ba mai kwalekwalen da ya yarda ya sa jirginsa. Nan ta tsaya tana kuka, ana hango ta daga wannan gaɓar. Baƙin kuwa, da suka ji koke-koke, suka haɗa jakunkunansu. Ɗaya ya tsaya a ƙofa ya yi ta'aziyya da harshen da ba a ji, kafin hantsi ya dubi ludayi mota ta kwashe su. Ban ga laifinsu ba, Ilu, shaƙatawa suka zo yi, ba zaman makoki ba.

Aka jira har azahar, liman ya ce gawa ba ta jira. Aka nemo wata mata daga can wata unguwa ta yi wankan, sai da ta leƙo tana tambayar sunan mamaciyar. Aka yanko farin yadi a kasuwa. Ka san yadda ake ɗaukar makara a garinmu, kafaɗa na karɓar kafaɗa, ba mai taku ashirin ba a karɓe shi ba. To ran nan su huɗu ne: shi, da liman, da maigadin gidan, da wani direba da aka roƙa. Sau uku suna ajiye Innarsa a ƙasa, a cikin taɓo, don su huta. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai zuciyata ta yi baƙi.

Ya dawo ya shimfiɗa tabarmi a zauren da ya mayar wurin karɓar baƙi, ya wuni yana kallon ƙofa. A rana ta uku ruwa ya janye, tsohuwar ta iso da taɓo har gwiwa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kwance ƙullinta, ta ajiye likkafanin a gabansa, yana nan a naɗe yadda aka ba ta. Ta ce: "Ajiyar Innarka ce. Ni yanzu ban san inda zan kai shi ba."

Gidanka ne, Ilu, ka yi yadda ka ga dama. Amma kafin ka buga wa mutanen nan ƙofa gobe, ka ƙirga kafaɗun da za su rage maka a unguwar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.