Janaretan Ya'u

Ƙwan ya yi ja kamar garwashi. Yaya Lado ya nuna ɗakina da yatsa.

"Ita ta kwance tagullar cikin janaretan ta sayar wa 'yan Maraɗi. Mai sata cikin takaba ba ta riƙe mana yara."

Janaretan jirgin ruwa ne. Mijina Ya'u ya sayo shi a Legas, ya kawo Jibiya, bai more shi ba ya rasu. Ranar nan wansa, Yaya Lado, ya tara dangi, ya kira bakanike. In an ga ɓarna, a tafi da 'ya'yana.

Bakaniken ya duba mai, ya ja bel, ya buɗe ciki. Ina bayan ƙyaure ina leƙe.

"Tagulla na nan, Alhaji. Kaya ne suka yi mishi yawa."

Ya tono wata waya a gindin katanga, ya cire ta. Ƙwan ya yi fari tas.

Sai ga muryar matar Yaya Lado daga bayan katanga: "Alhaji, firjinmu ya tsaya, ga fasinjojin boda na jiran ruwan sanyi."